Ƙafar Mati Maɗori

Tsakanin Danja da Malumfashi an taɓa yin wani ɗan ƙauye ana ce masa Rafin Kanya. Yanzu babu shi, kanyar ma ta daɗe da faɗuwa. A zamanin da jihadi ya lafa amma mahara ba su daina leƙowa daga arewa ba, kowane ƙauye da shingensa na ƙaya, a nan Mati Maɗori ya yi zamansa.

Gajere ne, mai faffaɗan ƙirji, hannuwansa kamar na maƙeri. Noma ne abincinsa, dawa da gero da 'yar auduga a bakin rafi. Ɗori kuwa gadonsa ne, daga ubansa, shi ma daga nasa uban. In mutum ya faɗo daga ɗorawa, ko sa ya taka shi, ko jaki ya yi masa rashin mutunci, gidan Mati ake nufa da shi. Sai Mati ya shafa wurin a hankali yana kallon sama, kamar mai sauraron magana daga nesa. In ya gane inda ƙashin ya bi, sai ya kira matarsa Hansai ta danne, shi ya ja. Ihun da ake yi a lokacin har masu wanki a rafi suna ji. Daga nan ya shafa man kaɗe da garin saiwa, ya jera kara kewaye da wurin kamar ɗan asabari, ya ɗaure da igiyar rama.

Abu biyu ne ba a ƙetarewa a ɗorin gidansu. Na farko, mai karaya zai zo da kaza. Mati ya karya ƙafarta, ya ɗora ta tare da ta mutumin. Ranar da kaza ta taka, ranar ake sa rai ga mai ita. Na biyu, ba a yi wa magani godiya. Wanda ya ce wa maɗori ya gode, ya kwance aikin da bakinsa, ƙashin zai goce ko ya haɗe a karkace. Kowa a ƙasar ya san wannan. Shi ya sa in mutum ya warke, sai ya zo ƙofar gidan Mati, ya tsaya a kan ƙafarsa, ya dube shi, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya juya ya tafi.

Wannan shi ne ciwon Mati, kuma ba shi da maɗori.

Ba wai an bar shi hannu rabbana ba. Da kaka akan wayi gari a ga damin dawa jingine a zaurensa, ba a san wanda ya kawo ba. Wani lokaci ƙwaryar nono ce, wani lokaci curin daddawa. Hansai ta kwashe ta kai ciki. In ta nuna masa, sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai dawa ce. Ni magana nake nema."

Akwai shekarar da aka kawo masa Mudi, wani manomi daga wajen Dandume, sangalinsa ya karye har ya leƙo waje. Mati ya yi fama da shi tun sanyi har bazara. Ranar da Mudi zai koma gida, ya miƙe a tsakar zaure, ya yi ɗan tsalle, ya ɗaga hannu sama.

"Allah mai iko! Allah ya tashe ni!"

"Madalla," in ji Mati. "Ranar da aka kawo ka a kan ƙyaure, wa ka gani riƙe da ƙafar nan?"

"Kai, Baba."

"Wa ka zaga?"

Mudi ya sunkuyar da kai. "Zafi ne, Baba."

"Na sani. Har uwata ka haɗa. To zagin nawa ne, godiyar ta tafi sama. Sauka lafiya."

Mudi ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya dubi ƙafarsa, ya rufe.

Ba za a ce Mati ba ya salla ba. Yana yi, musamman in rana ba ta yi zafi ba. Azumi ma yakan ɗauka, ko da yake a watan ne aka fi ganinsa yana zagayen gona shi kaɗai. Sai dai yana da maganganu da in ya fara, dattawa kan shiga gyaran rawani. Waɗansu suna cewa kakarsa ta wajen uwa Bamagujiya ce, shi ya sa bakinsa ba ya jin tsoro. Amma wannan kakar ita ce kakar Malam Shitu, limamin ƙauyen, don haka maganar ba ta taɓa yin nisa ba.

Malam Shitu taubashinsa ne, ɗan kawunsa, tare suka tashi. Tsakaninsu babu abin da ba a faɗa. Kullum bayan la'asar suna ƙarƙashin kanya, Shitu na jan carbi, Mati na tufka igiya, sauran maza sun kewaye su kamar masu kallon dambe.

"In ƙafa ta miƙe, Allah," Mati zai fara. "In ta karkace, Mati. Ka taɓa jin an ce Allah ya karkata wa wane ƙafa? Sai dai a ce ɗorin Mati ne bai yi ba."

"To kai ka shiga ciki ka liƙe ƙashin?"

"Ban shiga ba."

"Wa ya liƙe?"

"A bar min ƙafa ɗaya ba ɗori, kai ka yi ta tofi, mu ga yadda za a liƙe ta."

"A'uzu billahi. Hannun da kake taƙama da shi, wa ya ba ka?"

"Ubana."

"Shi wa ya ba shi?"

"Nasa uban."

"Ci gaba da hawa, Maɗori, za ka iso."

"Ina hawa, Liman. Ba na son gaggawa ne, na ga abin da faɗowa ke yi wa mutane."

A yi dariya, a tashi a yi alwala. Mati yakan zo sahun ƙarshe.

Wata rana da rani, ana zaune haka, aka shiga zancen wata tsohuwa da ta tashi daga ciwon da aka fid da rai. Kowa na cewa ikon Allah. Mati ya tambaya wa ya yi ta dafa mata saiwa yana ba ta a baki. Aka ce 'yarta. Ya ce to ita 'yar an ce mata me.  Abin ya hau masa kai fiye da kullum. Ya ajiye igiyar, ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi.

"Ku shaida," ya ce. "Ni Mati, ranar da na kwanta wani ya tashe ni da hannunsa, a nan ƙarƙashin kanyar nan zan gode masa. Da sunansa, a gabanku, kafin in ambaci kowa."

"Kowa?" in ji Shitu.

"Kowa."

"Mun shaida," Shitu ya ce, ya ci gaba da jan carbinsa. Mati bai taɓa kwanciya ciwo ba tun yana yaro, shi ya sa alkawarin bai yi masa tsada ba.

Ruwan shuka ya sauka a shekarar da wuri. Da safe Mati ya kafa tsani a jikin rumbu zai ɗebo iri. Ƙasa ta jiƙe, tsanin ya tsufa, shi ma mai hawan ba yaro ba ne. Hansai na bakin murhu ta ji faɗuwar, ta kuma ji wata 'yar ƙara bayanta wadda ta sani sarai, don ta sha jin labarinta a bakin masu karaya.

Ta same shi zaune a taɓo, ya riƙe ƙwaurinsa na dama, yana shafawa yana kallon sama.

"Maigida, yaya?"

"Biyu ta rabu," ya ce. "Tsaf, kamar an sa wuƙa."

Maza suka taru suka ɗauke shi zuwa ɗaki. Aka shiga shawara. Maɗorin da aka sani bayan Mati yana can wajen Musawa, kuma a kwanakin an ce an ga mahara a hanyar. Babu wanda zai bar shuka ya kai kansa. Mati ya gwada miƙa hannu ya ja da kansa, duniya ta juya masa, ya koma ya kwanta.

Hansai ta miƙe. Ta fita ta yanko kara, ta jiƙa rama, ta ɗauko tukunyar man kaɗe. Ita 'yar ƙanen ubansa ce, auren gida aka yi musu, don haka gadon nan har da ita a ciki, ko da yake babu wanda ya taɓa tunawa. Tun tana amarya take danne ƙafafun mutane. Ta kama wata kazarta, wake-wake, wadda ta fi so, ta juya baya ta yi abin da ake yi. Sannan ta dubi Malam Shitu.

"Malam, danne min shi."

"Ke za ki ja?" in ji Mati.

"In kana da wani, kira shi."

"Ki fara daga diddige. Kada ki murɗa. Ki jira sai na saki numfashi, sannan..."

Ba ta jira ba. Abin da Mati ya faɗa a lokacin, matan da ke rafi sun ji, amma babu wadda ta yarda ta maimaita. Malam Shitu dai ya ce a cikin sunayen da aka kira da ƙarfi akwai na Allah, wanda Mati ya ce shi zai zo daga baya, kuma shi ya zo farko. Mati ya ce zafi ne, ba a lissafa shi.

Da ta gama ɗaurewa, ya sa hannu ya bi karan ɗaya bayan ɗaya yana neman inda zai gyara. Bai samu ba. Ya sake bi. Ya ɗaga kai ya dube ta, bakinsa ya motsa.

"Kul," in ji Hansai. "Ka ɓata min aiki, gobe a ce ɗorin Hansai ya karkace? Riƙe bakinka."

Ya riƙe. Ya gaya wa kansa don kada ranta ya ɓaci ne.

Kwanciyar ta yi masa tsawo. Damina ta kankama, yana jin ƙamshin ƙasa daga kan tabarma, yana jin maza na wucewa da fartanya. Kazar tana gefen ɗaki a cikin kwando da ɗan karanta a ƙafa, shi yana kallonta, ita tana kallonsa. Ya fi kowa sanin abin da ƙashin tsoho ke yi. Ya ga waɗanda suka haɗe, ya ga waɗanda suka ƙi, mai su ya ƙare rayuwarsa yana jan gindi a ƙofar gida. Duk safiya sai ya tambaya ko kaza ta ci.

Gonar ma na ransa. Wata rana Hansai ta shigo da fura ta ce an shuka ta. Bayan kwanaki ta ce an yi noman farko.

"Su wa?"

"Mutane."

"Mutanen ba su da suna?"

"Na hango Mudi na Dandume. Da wani Bafillace mai ɗan ɗingishi. Da 'ya'yan Inno, wadda ka taɓa yi wa ɗori. Na ce su shigo su sha ruwa, suka ce hanya ce ta biyo da su."

"Daga Dandume hanya ta biyo ta gonata?"

"Haka suka ce."

Mati ya juya fuska bango.

Abin da ya fi damunsa ba zafin ba ne. Hansai ce. Ita ke juya shi, ita ke kwance ɗaurin ta shafa mai ta mayar, ita ke fitar da abin da ba a faɗa. Ba ta fasa daka ba, ba ta fasa kaɗi ba. Kullum maganar nan sai ta taso masa har maƙogwaro, gajeriya ce, ba ta da nauyi, sai ya tuna ubansa. Yana yaro ya taɓa ganin wani baƙo da ya manta ya yi godiya, uban ya tashi da sauri ya tofa a kan ɗorin, fuskarsa a ɗaure, ƙafar kuma daga baya ba ta yi kyau ba. Mati ya sha ba da labarin nan yana dariya, yana cewa mutumin ne ya taka da wuri. Yanzu da ƙafar ta zama tasa, sai ya ga labarin ba shi da abin dariya sosai. Sai ya haɗiye maganar, ya ce mata kunun ya yi ruwa.

Malam Shitu na zuwa dubiya kusan kullum, ya zauna a bakin ƙofa.

"Maɗori, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Da sauƙi kawai? Ba ƙari?"

"Da sauƙi."

"To. Kanya na gaishe ka. Mun share wurin da za ka tsaya. Na ce wa mutane su zo da wuri, ba kullum ake jin namiji ya kira sunan matarsa a dandali yana mata godiya ba."

"Tashi ka tafi, an kusa kiran salla."

"Ni ne mai kiran."

Ranar da kazar ta diro daga kwando ta taka tsakar gida, tana ɗan jan ƙafa tana tsattsagar ƙasa, Hansai ta rangaɗa guɗa ita kaɗai. Ba da daɗewa ba Mati ya dafa bango ya miƙe. Ya koyi tafiya daga ɗaki zuwa rumbu, daga rumbu zuwa zaure. Gero ya fara fitar da kai sa'ad da ya ce zai je ƙarƙashin kanya.

Hansai ta raka shi har zaure. "Maigida, ƙashin nan ɗanye ne har yanzu."

"Na sani."

"Alkawari naka ne. Ƙafar kuwa, ka san wanda ya sha wahalarta."

 Ya dogara sandarsa ya fita.

Bai taɓa ganin taro haka a wurin ba sai da salla. Har mata sun laɓe a bayan danga. Aka buɗa masa hanya. Ya isa gindin kanya, ya jingine sandar, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu. Aka yi ta barka, barka.

"To, jama'a," in ji Malam Shitu, "ga Mati ya tashi. Mun taɓa shaida wata magana a nan. Maɗori, wa ya tashe ka?"

Mati ya dubi taron. Ga Mudi can, ga Bafillacen, ga waɗansu da ya manta fuskokinsu amma ya san ƙafafunsu. Babu mai dariya a cikinsu. Kallon ƙwaurinsa suke yi, kamar masu ganin yaro na wasa a bakin rijiya. Ya hango gefen zanen Hansai ta kafar danga. Ya ja numfashi. Sunan ya zo kan harshensa. A daidai nan wani ɗan abu ya tsarga masa a sangali, kaɗan ne, kamar cizon tururuwa. Mai yiwuwa tsayuwa ce ta yi yawa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan, idonsa na kan dangar nan, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Wurin ya ɓarke. Malam Shitu ya yi dariya har carbi ya suɓuce masa. "Ba mu ji ba! Ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba!"

"Kun ji."

"Ya iso! Na ce masa ya ci gaba da hawa!"

"Faɗowa na yi, Liman, ba hawa ba," in ji Mati, ya zauna a hankali ya miƙe ƙafar. "Kuma har gobe hannu ne ya ja ta."

"Hannun wa?"

Mati ya ɗauki igiyar da wani ke tufkawa ya ce ba a murza ta daidai ba.

Mudi ne kaɗai bai yi dariya sosai ba. Da za a watse ya matso ya durƙusa, ya ce, "Baba, da nauyi ko?"

"Me?"

"Riƙe maganar a baki."

Mati ya dube shi. "Je ka, dare zai yi maka a hanya."

Bai daina gardamarsa ba, kada a yi masa ƙarya. Har ya tsufa yana cewa in ƙafa ta karkace sunansa ake kira. Sai dai daga shekarar, in mai karaya ya warke ya zo ya tsaya a ƙofarsa ya ce Alhamdu lillahi, Mati ba ya tambayarsa wa ya zaga. Yakan duba inda idon mutumin yake kallo, ya gyaɗa kai. Kuma in an kawo karaya mai wuya, akan ga shi ne ke dannewa, Hansai na ja.

Da aka yanke geron shekarar, ya hana kowa taɓa damin farko. Ya ɗaure shi da kansa, ya sa aka aza masa a ka, ya taho daga gona a hankali, yana hutawa a kowace inuwa. Ya shiga gida lokacin Hansai na bayan ɗaki tana ba kaji tsaki. Ya jingine damin a ƙofar ɗakinta, ya koma zaure ya zauna yana haki, kamar bai san komai ba.

Can ya ji ta fito.

"A'a. Wa ya ajiye wannan?" Ta ɗaga murya yadda za ta kai zaure. "To, mun gode Allah."

Ya yi ƙoƙarin yin shiru. Bai iya ba.

"Ni na ɗauko shi tun daga gona," ya ce. "Da ƙafata."

"Da ƙafar wa?" in ji Hansai.

Kazar wake-wake ta zo wucewa ta zauren tana ɗan jan ƙafa. Mati ya matsa mata ta wuce.